KWAMFUTAR MILIYAN BIYU DA SUNAN KARATUN ZANE: A DAINA SAYAR DA GONA SABODA GEM



Akwai maganar da muka daɗe muna taunawa a zaman shugabannin ƙungiya, yau mun ga gara a fito da ita fili ko da za ta sosa wa wasu rai. Tun da harkar koyon zane da kwamfuta ta shigo, abin da yara ke kira girafik dizain, takardun neman taimako da ke zuwa teburin ƙungiya suka canza kama. Da can kuɗin JAMB ne, ko na rajista, ko na hayar ɗaki kusa da makaranta. Yanzu yaro zai rubuto cewa yana bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka ta naira miliyan ɗaya da rabi, wani ma miliyan biyu, wai in ba ita ba karatunsa ya tsaya. Ka duba sunan da ya rubuta, sai ka ga HP Omen ko Victus, ko Lenovo Legion, ko Asus ROG, ko Alienware. Duk wanda ya san harkar ya san kamfanonin sun ƙera waɗannan ne domin masu buga gem, kuma su kansu ba su ɓoye ba, da haka suke tallarsu.

Matsayarmu a taƙaice ita ce: mai fara koyon zane ba ya bukatar irin wannan kwamfuta. Uban da ya sayar da fili, ko uwar da ta kwashe adashinta ta saye ta, yawancin kuɗinsu gem suka saya wa, karatu ya samu ragowa. Za mu kawo hujjojinmu ɗaya bayan ɗaya, wanda yake da ja sai ya zo da nasa.

KUƊIN DAGA INA ZAI FITO?

Mu fara da aljihu. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya samu citta a daminar 2023, lokacin da cuta ta bi gonakin Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabta ta ruɓar da ita tun tana ƙasa. Gwamnatin tarayya da kanta ta ce asarar ta haura naira biliyan 12. Gidaje da yawa har iri suka rasa, kuma akwai waɗanda har yau ba su miƙe ba. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kwamfuta kuwa ba a Kakuri ake ƙera ta ba, da dala ake shigo da ita. Wadda ake sayarwa dala 1,000 a Amurka, kafin ta biya kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ta iso Kaduna, ta kai miliyan ɗaya da rabi ko ta wuce.

Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kaduna naira 72,000 ne. A raba miliyan ɗaya da rabi da wannan, za a samu kusan wata 21. Ma'aikacin ƙaramar hukuma zai yi shekara biyu saura wata uku bai ci ba, bai sha ba, bai biya kuɗin makarantar sauran yara ba, kafin ya haɗa kuɗin kwamfuta guda. Manomi kuwa sai ya taɓa irin da ya ɓoye domin baɗi, ko ya jinginar da gona. Wanda zai nemi iyayensa su ɗauki wannan nauyi, wajibi ne ya zo da dalilin da ya fi "haka abokaina suka ce".

ME AIKIN ZANEN YAKE BUKATA?

Mu duba aikin da ke kawo kuɗi a Kachia, Zonkwa, Kwoi da Kafanchan. Katin ɗaurin aure. Kalandar walimar sauka. Fastar 'yan siyasa, ga shi zaɓen 2027 na ƙaratowa. Allon shago. Tambarin ƙungiya da na makaranta. Takardar da ake liƙa wa robar zuma ko ledar garin citta. Littafin tsarin biki na maƙwabtanmu masu zuwa coci. Hoton talla na Facebook da WhatsApp. Waɗannan duka zane ne na shimfiɗe, ba mai motsi ba, kuma da CorelDRAW, Photoshop, Illustrator ko Canva ake yin su. Ku shiga duk maɗaba'ar da kuka ga dama a Kaduna, mafi yawa CorelDRAW za ku tarar, a kan kwamfutocin da suka sha jiki, kuma da su masu wurin suke ciyar da iyali.

Kamfanin Adobe mai Photoshop ya rubuta a shafinsa abin da manhajar ke bukata: RAM mai gig 8 a matsayin mafi ƙaranci, gig 16 a matsayin abin da ya fi so. RAM ɗin nan kamar faɗin teburin tela ne, in ya yi faɗi sai a baje yadi a yanka cikin sauƙi. Sai ma'ajiya irin ta SSD, wadda ta ninka tsohon faifai mai juyawa sauri wajen buɗe aiki. Sai injin sarrafawa na zamanin da bai yi nisa ba. Sai allo mai nuna launi na gaskiya. Waɗannan huɗun su ne ƙashin bayan aikin. Ana samun su a kwamfutocin ofis na hannu irin su Dell Latitude, HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, waɗanda 'yan kasuwa ke kira London used, a kan kuɗin da bai kai rabin na kwamfutar gem sabuwa ba.

To me ya sa ta gem take da tsada haka? Saboda katin hoto ne, abin da za ku ga an rubuta RTX 4050 ko RTX 4060 a jiki. Aikinsa shi ne zana duniyar gem mai motsi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, da inuwa da hayaƙi da gudun mota. Mai haɗa katin ɗaurin aure a CorelDRAW, wannan kati kusan barci yake yi a cikin kwamfutarsa. An sayi tirela ke nan domin ɗauko buhun masara ɗaya daga Gumel.

ALLON DA KE YAUDARA

Ga wani abu da yaran ba sa faɗa, wataƙila ma ba su sani ba. Kwamfutocin gem masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda aka fi kawowa kasuwanninmu, da yawansu allonsu an yi shi ne domin sauri. Za ka ga an rubuta 144Hz, wato hoton yana sabuntawa sau 144 a daƙiƙa, abin da mai harbi a gem yake so. Amma a ƙasa da ƙananan haruffa sai ka ga 45% NTSC. Ma'anar wannan ita ce allon yana nuna kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na launukan ma'aunin sRGB, wanda masu zane ke aiki da shi. Ja ya koɗe, kore ya yi fari-fari.

Mai zane kuwa launi yake sayarwa. In ya zaɓi launi a allon da ke masa ƙarya, sai an buga kati 500 sannan amarya ta ce wannan ba kalar ankon da ta nuna masa ba ce, ko ɗan takara ya ce an canza masa launin jam'iyya. Wa zai biya kuɗin sake bugawa? Yaron. Saboda haka abin da mai koyon zane zai tambaya a shago shi ne allon IPS ne, kuma ya kusa cika 100% sRGB? Wannan tambaya ta fi masa amfani a kan fitilu masu canza launi a ƙarƙashin madannai.

WUTAR FA?

A nan ne maganar ta fi shafarmu. Ba sai mun gaya wa mutumin Kachia halin da wutar lantarki take ciki ba. Cajar kwamfutar ofis wat 45 ce zuwa 65. Ta kwamfutar gem yawanci daga wajen wat 150 take farawa, wasu har 230, manyansu har 330, cajar kaɗai kamar bulo. In aka cire ta daga wuta, ƙarfin da aka biya miliyoyi dominsa raguwa yake yi, don haka aka tsara ta, kuma in gem ake bugawa batirin da ƙyar yake wuce awa ɗaya zuwa biyu.

Ku yi lissafi da sola. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100, irin na ruwa da aka fi samu a gidajenmu, abin da za a iya ja daga cikinsa ba tare da an kashe shi ba bai wuce rabi ba, wato wajen wat 600 na awa guda. Kwamfutar da ke jan wat 150 za ta shanye shi cikin awa huɗu, a bar gida babu fanka babu fitila. Wadda ke jan wat 30 zuwa 40 kuwa za ta wuni tana aiki. In janareto za a tayar, fetur ɗin da ake saye ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Sayen kwamfutar sau ɗaya ne, ciyar da ita kullum ne.

Ga zafi da ƙura. Kwamfutar gem fanka biyu gare ta, iska take zuƙa ba ƙaƙƙautawa. Da hunturu ya shigo, ƙurar da ke tashi ita za ta toshe mata hanci, ta riƙa zafi tana mutuwa. In katin hoton ya ƙone, a manne yake da babban allon ciki, ba a cire shi a sa wani. Sai a ɗauke ta zuwa Kaduna, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, wani lokaci har Computer Village a Ikeja, kuma kuɗin gyaran kan iya sayen wata kwamfutar ta hannu. Nauyinta da caja yakan kai kilo uku, ga ta da ɗaukar ido a ɗakin kwanan ɗalibai inda ɓarayi ba sa barci.

TARKON "CORE i7"

Akwai kuma ɓangare na biyu na cutar, shi kuma daga wasu 'yan kasuwa yake. Uba zai shiga shago ya ce a ba shi babbar kwamfuta, sai a nuna masa tambarin Core i7 a ce ai ita ce ƙarshe. Rashin sani ya fi dare duhu. Sunan i7 kaɗai ba ya nuna komai sai an duba lambar da ke biye da shi. i7-4600U ƙarni na 4 ne, na shekarar 2013, mai ƙwaƙwalwa biyu a ciki. i5-8350U ƙarni na 8 ne, na 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma ya fi wancan i7 ɗin aiki nesa ba kusa ba. i5-1135G7 ƙarni na 11 ne, na 2020. Lamba ɗaya ko biyu na farko bayan ɗan layin nan su ne shekarun dokin, haƙoransa ke nan da za a buɗe a duba.

Wannan ya ƙara muhimmanci saboda kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel take farawa. Duk wanda aka sayar wa ƙarni na 6 ko na 7 yau da sunan ta zamani, an sayar masa da abin da masu shi suka sallama. Muna kira ga 'yan uwanmu masu wannan sana'a, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne, su ji tsoron Allah su riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar ƙarnin, da lafiyar batir, da ko an taɓa buɗe ta. Ribar da aka ci da jahilcin dattijo ba ta albarka.

INDA MAI BABBAR KWAMFUTA YAKE DA GASKIYA

Za a ce mana ai akwai karatun da ke bukatar katin hoto mai ƙarfi. Haka ne, ba mu musa ba. Ɗalibin zanen gine-gine a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, in ya kai matakin fitar da gini kamar a taɓa, yana bukatarsa. Mai koyon zane mai motsi da Blender yana bukatarsa. Mai tace bidiyo mai nauyi da Premiere Pro ko DaVinci Resolve yana bukatarsa. Ɗalibin sashen Industrial Design na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ya zurfafa a wannan fanni zai iya kaiwa nan. Ga kuma sabuwar Jami'ar Tarayya da aka kafa mana a nan Kachia a 2025, a harabar tsohuwar Jami'ar Nok, wadda muke fatan za ta buɗe wa yaranmu ƙofofin kimiyya da fasaha.

Amma wannan mataki ne da ake hawa, kuma wanda ya hau shi yana da abin nunawa: ayyukan da ya yi, da inda ƙaramar kwamfutarsa ta gaza. Wanda bai taɓa zana tambari ɗaya ba, bai san bambancin launin allo da launin bugawa ba, ya ce sai RTX zai fara, ya fara gini daga rufi. Kayan kwamfuta kuma kullum sabo ake fitarwa. Wadda aka saya da tsada a aji ɗaya, kafin a kai aji huɗu inda ake bukatarta ta tsufa, batirinta ya mutu, gem ya cinye ƙuruciyarta. Ko a lokacin ma, in a gida ko shago za a yi aikin, kwamfutar tebur ta fi arha a kan ƙarfi iri ɗaya, ta fi jure zafi, kuma ana canza mata kaya ɗaya-ɗaya.

GA MATASANMU

Ba mu ce gem laifi ne ba. Hutu halal ne, kuma mun san harka ce babba a duniya. A Riyadh ta Saudiyya an yi gasar gem ta duniya a 2024 da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 ma ya sa ƙera gem cikin fannonin da yake koyarwa. Sai dai mai ƙera gem daban, mai kwana yana buga EA Sports FC da GTA daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, jerin da ya fara aiki a 2022.

Abin da muke ƙi shi ne rufa-rufa. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A harkar kwamfuta abin ya juya, yaro ne ke gani, babba na lalube. Mahaifinka ya yarda da kai ne saboda bai san RAM ba, bai san RTX ba. Amfani da wannan yarda domin ka samu abin wasa cin amana ne, ko da ka kira shi karatu. In gem kake so, ka ce gem kake so. Ka yi zane ka tara kuɗinka ka saya, babu mai ce maka don me. Kafin nan ga waya a hannunka, ga gidajen gem a gari.

Ku kuma tuna kwamfuta ba ta zane da kanta. Tun 2013 Adobe ya koma karɓar kuɗin haya, wata-wata ko shekara-shekara. Manhajojin sata da ake loda muku a shago su ne babbar ƙofar ƙwayoyin cutar da ke lalata aiki da satar bayanai. Alhali ga GIMP, Inkscape, Krita da Blender kyauta ne, Affinity ma kamfanin Canva ya mayar da ita kyauta a Oktoban 2025. Wanda ya zuba kuɗinsa kaf a ƙarfe, da me zai sayi data ya kalli darasi?

GA IYAYE

Kada wani ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, dama kwamfuta ɓata yara take yi. Wannan ma kuskure ne babba. Zane sana'a ce mai ci, kuma yarinyar da ta iya shi za ta iya yin aiki daga ɗakinta ta samu abin kanta. Yaron da ya nuna yana so, a saya masa kayan aiki daidai ƙarfi. Abin da muke cewa shi ne ku yi tambaya kafin ku ƙirga kuɗi. Wace manhaja za ka yi aiki da ita? Wane malami ne ya ce sai wannan? Nuna mini abin da ka taɓa zanawa, ko a waya ne. Yadda ba za ku sayi saniya a Ladduga ba tare da kun tafi da wanda ya san shanu ba, haka kada ku shiga shagon kwamfuta ku kaɗai.

ABIN DA SHUGABANNIN ƘUNGIYA SUKA TSAYAR

1. Daga yanzu duk takardar neman taimako ko rancen sayen kwamfuta sai ta zo da shaida daga sashen makaranta ko wurin koyon sana'a, mai ɗauke da sunayen manhajojin da za a yi aiki da su.

2. Ma'aunin da ƙungiya za ta tallafa a kai ga mai fara zane shi ne Core i5 ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na Ryzen, RAM gig 16, SSD gig 256 zuwa 512, allon IPS mai launi mai kyau, da batir mai lafiya.

3. Mai bukatar abin da ya fi haka zai kawo ayyukansa a gani. In ya cancanta, za mu tsaya masa.

4. 'Ya'yan ƙungiya da suka san kwamfuta za su riƙa raka iyaye kasuwa kyauta. Za a kunna ta a gaban mai shago, a duba ƙarni da RAM a cikinta ba a jikin takardar da aka liƙa ba, a gwada batir da allo da madannai, a karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar da wa'adin garanti a rubuce.

5. Rarar kuɗin da aka samu a sa ta a ƙaramar sola, linzami mai kyau, ma'ajiyar ajiye aiki ta waje, data da kuɗin koyo.

6. Za mu kawo wa babban taro shawarar a haɗa kuɗi a sayi kwamfutar tebur ɗaya mai ƙarfi a ajiye a ofishin ƙungiya, masu aiki mai nauyi su riƙa amfani da ita bi da bi.

Wanda yake ganin mun yi tsauri, ƙofa a buɗe take, ya zo taro ya kawo hujjarsa a gaban jama'a. Muna roƙon waɗanda suka karanta su karanta wa iyayen da ba sa hawa Facebook, musamman na ƙauyuka, kafin kuɗin kakar bana su shigo hannu.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su sana'a mai amfani, ya mayar wa manomanmu abin da suka rasa, ya zaunar da Kachia da Kudancin Kaduna lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Shugabanni.